Farautar tsofaffin faya-fayan blues: tambayoyin da aka fi yi mini da amsoshinsu

Na daɗe ina tara faya-fayan garmaho na kiɗan blues, wato kiɗan Baƙaƙen fatar kudancin Amurka, musamman waɗanda mawaƙi ko wani ƙaramin ɗan kasuwa ya buga da kuɗin aljihunsa. Duk baƙon da ya shigo ɗakina ya ga kantoci cike da su, sai ya shiga jero tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Shi ya sa na tattara su wuri guda.

Mene ne bugun ƙashin kai, kuma me ya bambanta shi da sauran faya-fayai?

A da, manyan kamfanoni irin su Columbia da RCA Victor da Decca su ke zaɓen mawaƙi, su ɗauki muryarsa, su buga dubban kwafi, su raba wa dillalai. Wanda ba su zaɓa ba fa? Sai ya tara 'yan kuɗinsa, ya ɗauki waƙa biyu a wani ƙaramin ɗakin ɗaukar murya, ya aika tef ɗin da kuɗin zuwa masana'antar buga faifai. Bayan makonni kwalaye su iso masa, ɗauke da kwafi 100 ko 300 ko 500, in ya yi ƙoƙari 1,000. Shi zai sayar da abinsa a gidan rawa, a shagon aski, ko daga but ɗin motarsa. Wannan shi Turawa ke kira private press, ni kuma nake ce masa bugun ƙashin kai.

Akwai masana'antun da suka rayu a kan wannan sana'a: Rite a Cincinnati, Plastic Products a Memphis, Southern Plastics a Nashville. Su kansu RCA da Columbia a wancan zamanin suna da sashen da ke karɓar aikin duk wanda ya zo da kuɗinsa. Alamar irin wannan faifai ba ta ɓuya. Takardar tsakiyarsa launi ɗaya ce ko biyu, wani sa'in da kuskuren rubutu, adireshin da ke jiki kuwa ba na ofis ba ne, na gidan kwanan mutum ne, har da lambar wayarsa.

Ka ba mu misalin mutanen da suka yi haka.

Wanda na fi kawowa shi ne Abner Jay, mutumin Fitzgerald a jihar Georgia, wanda aka haifa a 1921 ya rasu a 1993. Shi kaɗai ne ƙungiyarsa: banjo a hannu, harmonika a baki, ganga a ƙafa. Yana yawo da mota wadda yake buɗe ta ta zama dandali, ya yi wasa, ya sayar da faya-fayan da ya buga a ƙarƙashin sunan Brandie, kamfanin da shi ne mai shi, shi ne kuma ɗan aikensa.

Sai masu shagon da suka zama kamfani a ɗaki guda. A 1947 Bernard Abrams, mai shagon gyaran rediyo a titin Maxwell na Chicago, ya kira makaɗan da ke wasa a bakin kasuwa ya ɗauki muryarsu. Faifai biyu kacal kamfaninsa Ora Nelle ya fitar, amma a ɗaya daga cikinsu aka fara jin harmonikar Little Walter. Joe Von Battle ya yi irin haka a bayan shagonsa da ke titin Hastings a Detroit. A titin Farish na Jackson kuwa, Lillian McMurry ta kafa Trumpet daga shagon kayan ɗaki, ita ce ta ɗauki Elmore James a 1951. Har kamfanonin da suka girma daga baya da haka suka faro: Chris Strachwitz ya buɗe Arhoolie a 1960 da kwafi 250 na Mance Lipscomb, Bruce Iglauer kuma ya buɗe Alligator a 1971 da kwafi 1,000 na Hound Dog Taylor, yana raba su da motarsa.

Me lambobin 78 da 45 da 33 ke nufi?

Yawan juyawar faifai a minti ɗaya ke nan. Mai 78 shi ne tsohon: faɗinsa inci 10, kowane gefe kusan minti 3. Ba da roba aka yi shi ba. Wani irin ƙaro ne mai suna shellac, wanda ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ake cuɗa shi da garin dutse. Shi ya sa yake da nauyi, yake kuma fashewa kamar tangaran. Columbia ta fito da babban faifan roba mai 33 a 1948, RCA Victor ta biyo da ƙarami mai 45 da babban rami a tsakiya a 1949. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 an daina yin 78 a Amurka.

Yawancin bugun ƙashin kai na blues 45 ne, domin ya fi araha, kuma shi ke shiga akwatin kiɗan nan da ake jefa wa sulalla a gidajen rawa.

Akwai na huɗu, faifan yanka: farantin alminiyam da aka shafe da wani baƙin fenti, allura ta yanka murya a kansa kai tsaye. Ɗakin Sam Phillips a Memphis, wanda ya buɗe a 1950, yana yi wa duk wanda ya biya 'yan daloli. Irin wannan sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma duk sakawa tana cin wani abu daga jikinsa.

Me ya sa suka yi ƙaranci haka?

Tun farko ba a buga da yawa ba. Sannan masu sayensu talakawa ne da ke saka su dare da rana da allurar ƙarfe har layukan su shafe. Ga ƙaura: miliyoyin Baƙaƙen fata sun bar kudu zuwa birane irin su Chicago da Detroit, kuma mai tafiya da akwati ɗaya ba zai cika shi da abin da ke fashewa ba. Ga yaƙin duniya na biyu, lokacin da shellac ya yi wuya aka riƙa tattara tsofaffin faya-fayai ana niƙe su don yin sababbi. Unguwannin ma kansu an share su: an rushe titin Hastings aka shimfiɗa babbar hanya, kasuwar Maxwell kuma aka tashe ta daga wurinta na asali a 1994.

Labarin Paramount ya isa misali. Kamfanin kujeru ne a jihar Wisconsin ya shiga harkar faifai don ya samu abin da zai sayar da garmahonsa. A nan Ma Rainey da Blind Lemon Jefferson da Charley Patton suka fito. A garin Grafton aka ɗauki Son House a 1930, Skip James a 1931. Kayan haɗinsu masu araha ne, faifan tun yana sabo yana shuu. Da tattalin arziki ya karye a 1929 ciniki ya mutu, faya-fayan ƙarshe kaɗan aka buga, a 1932 aka daina ɗauka. Yawancin farantan ƙarfen da ake buga kwafi daga jikinsu sun salwanta. Ke nan in kwafin ƙarshe ya fashe, waƙar ta tafi. Wani faifan Son House na 1930 sai a 2005 aka ga kwafinsa guda, wasu na Willie Brown kuwa sunayensu kawai aka sani a takarda.

Wannan shi ne abin da ya riƙe ni a harkar. Ba ƙaramin abu ba ne ka riƙe wani ɗan faranti a hannunka kana sane cewa wataƙila shi kaɗai ya rage daga muryar mutumin da ya yi noma, ya yi dako, ya tara kuɗi da ƙyar don a ji shi.

Da gaske ana sayen faifai ɗaya da dubban daloli?

Ana saye. A 2013 John Tefteller ya sayi wani faifan Tommy Johnson na Paramount a eBay a kan dala 37,100. Faya-fayan Robert Johnson na asali, daga waƙoƙi 29 da ya ɗauka a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937, su ma dubbai ake zubawa.

Amma kada wannan ya ruɗe ka. Ƙaranci kaɗai ba ya sa tsada. Sai abu uku sun haɗu: faifan ya yi wuya, kiɗan ya yi daɗi, a kuma samu aƙalla mutum biyu masu kuɗi da ke nemansa lokaci guda. Ina da 45 da ban taɓa ganin wani kwafinsa ba, amma in na kai shi gwanjo da wuya ya biya kuɗin aikawa, domin ba wanda ya san mawaƙin. Hakan bai rage masa komai a kunnena ba. Mai neman inda zai ajiye kuɗi su haihu, ina ba shi shawara ya nemi fili ko dabbobi. Farashin faifai yana bin yayi, kuma masu son wani nau'in suna tsufa tare da shi.

Na ga ana rubuta NM, VG+, E, V. Mene ne wannan?

Ma'aunin lafiyar faifai ne. Ga na roba ana bin tsarin mujallar Goldmine: M wanda ba a taɓa ba, NM kusan sabo, VG+ an saka amma an kula, VG akwai ƙarce da ɗan ƙas-ƙas, G ya sha wuya, P ya gama yawo. Ga 78 haruffan daban ne: N, E, V, G, P, daga mafi kyau zuwa mafi lalacewa, da ƙari ko ragi a gefe. Tsakanin mataki da mataki farashi na iya ninkawa ko ya rabu biyu.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan harka kunne ya fi shi. Akwai 45 da aka yi da wata roba mai tauri da ake kira styrene, wadda mummunar allura kan ƙone mata layuka. A ido fes, a kunne kamar ana soya ƙosai. Akwai kuma wanda ya sha ƙarce amma muryar na fita tangararan domin an yanka shi da zurfi. Don haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka nemi mai sayarwa ya turo maka sautin gefe biyun da hoton da aka ɗauka ƙarƙashin fitila mai haske. Ga faifan da aka san kwafi biyar ne ko goma, VG ma arziki ne. Mai jiran NM zai daɗe yana jira.

Ta yaya zan bambanta na asali da jabu?

Ka ɗauki faifan ka karkata shi gaban fitila, ka dubi filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Za ka ga lambobi da haruffa ƙanana, wasu an buga su da hatimi, wasu an zana da hannu. Nan ne takardar haihuwar faifai. Kalmar Rite da lamba a gefenta na gaya maka Cincinnati, kuma tun da lambobin a jere suke tafiya, masana na iya ƙiyasta shekarar. Alwatika da lamba na nuna masana'antar Monarch ta Los Angeles. A aikin da RCA ta yi wa 'yan waje, farkon lambar ne ke nuna shekara. ZTSC kuma aikin Columbia ne na Chicago.

Tun shekarun 1970 ake buga kwaikwayon 45 masu tsada. Wasu da gaskiya aka yi su, don mai son kiɗan ya samu na saurare, daga baya suka faɗa hannun 'yan damfara. Abin da ke tona su: rubutun takardar ya ɗan dusashe domin daga hoto aka kwafo, launin ya cika sheƙi, lambar da ya kamata a ce hatimi ce an zana ta da hannu, sautin kuma ya yi siriri tun da daga wani faifan aka ɗauko shi. Wani lokaci har ƙas-ƙas ɗin tsohon kwafin za ka ji a kan roba sabuwa ful. In faifan da aka san darajarsa ya zo maka a farashin da ya yi daɗi fiye da kima, ka tsaya ka yi tambaya.

Sunan da ke jikin faifan fa, a kan dogara da shi?

Ba kullum ba. John Lee Hooker ya fito a matsayin Texas Slim da Delta John da Birmingham Sam da John Lee Booker, don ya karɓi kuɗi daga kamfanoni daban-daban ba tare da yarjejeniya ta ɗaure shi ba. John Fahey kuwa, Bature ne mai kaɗa jita, ya buga kwafi 100 da kuɗinsa a 1959, ya rubuta a gefe ɗaya sunan wani tsohon makahon mawaƙi, Blind Joe Death, wanda shi ya ƙirƙiro shi. Sanin muryoyi da salon hannu ya fi sanin takarda.

A ina ake samunsu?

Magabata a harkar ƙafa suka taka. Joe Bussard na Frederick a Maryland, wanda ya rasu a 2022, ya shafe shekaru yana bin ƙauyukan tsaunuka gida-gida. Gayle Dean Wardlow ya yi aikin feshin maganin ƙwari a Mississippi, abin da ya ba shi damar ƙwanƙwasa ƙofofi yana tambayar tsofaffi ko suna da faya-fayai. Shi ne a 1968 ya gano takardar shaidar rasuwar Robert Johnson. Ba don irinsu ba da kiɗa mai yawa ya ƙare a juji, wannan ba a musu. Amma gaskiya ɗaya ce: da yawa daga masu wannan farauta sun karɓi abu mai daraja daga hannun tsofaffin mata talakawa a kan 'yan sulalla, suna sane, matan ba su sani ba. Wannan ba na yaba shi, kuma ba na so a koya.

Yau kasuwar ta koma intanet. Discogs, wanda aka buɗe a 2000, shi ne babban kundin da za ka duba bugu-bugu da lambobinsu, ka kuma saya. eBay na nan don gwanjo. Popsike na ajiye tarihin abin da aka sayar da farashinsa, kuma shi ya kamata ka duba kafin ka yi tayi, domin abin da mai kaya ya sa suna daban, abin da aka biya daban. Manyan dillalai na fitar da jerin gwanjonsu lokaci-lokaci, ana kuma cin kasuwannin faifai irin ta Austin a Texas. Amma mafi kyawun kaya ba ya kai wa kasuwa. Tsakanin masu tarawa yake zagayawa.

To yaya musaya take tafiya a tsakaninku?

Ba ni gishiri in ba ka manda. Akwai faifan da mai shi ba zai sallama da kuɗi ba ko nawa ne, amma in ka zo masa da abin da ya shekara ashirin yana nema, sai ciniki ya faɗa. Shi ya sa nake sayen kwafi na biyu na abu mai kyau in na gamu da shi. Jarin musaya shi ne suna. Ka faɗi aibin kayanka kafin a tambaye ka: tsaga ce, rubutun biro ne a takarda, ko wurin da allura ke tsalle. Da'irar ƙarama ce, wanda ya ɓoye tsaga sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa ko'ina.

Daga Najeriya ko Nijar zan iya saye a kawo mini?

Za ka iya, da haƙuri. Masu sayarwa da yawa ba sa aikowa nan kai tsaye, don haka ana bi ta hannun ɗan'uwa da ke can, ya tara su har a samu mai zuwa, ko ta masu jigilar kaya. Ka lissafa kuɗin aikawa da na kwastan tun kafin ka yi tayi, domin sukan fi kuɗin faifan. Ka roƙi a cire babban faifai daga kwalinsa a jera su gefe da gefe, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa bakinsa ya tsaga kwalin. Na 78 kuwa sai an matse shi tsakanin kwalaye masu kauri, a sa a ƙaramin akwati, a sa wannan cikin babba da abin tare girgiza. In da hali, a riƙo shi a jakar hannu cikin jirgi.

Zafinmu da ƙurar hunturu ba za su lalata su ba?

Za su lalata, in aka yi sake. Wata rana cikin watan Afrilu na karɓo wani 45 da na shafe wata uku ina jira, bugun wani mai jita daga Louisiana, takardarsa ruwan ɗorawa da lambar wayar gidansa a ƙasa. Na ajiye shi a kujerar mota na shiga gaisuwar rasuwa, ban fi awa ɗaya ba. Da na dawo na buɗe ambulan, bakinsa ya tashi gefe ɗaya kamar ganyen da ya bushe. Na ɗora shi a kan na'ura, allura na hawa tana sauka, muryar mutumin tana lanƙwasa kamar mai kuka. Na danne shi tsakanin gilasai biyu tsawon watanni, ya ɗan miƙe, amma baitin farko bai dawo ba. Har yau ban sake ganin wani kwafin ba, kuma abin na ci mini rai duk lokacin da na zaro shi.

Don haka: ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka, ban da ƙarƙashin kwano marar silin. A tsaye ake jera su, ba a kwance ba, kuma kada a matse. Kowane girma da sahunsa. Kowane faifai da rigarsa ta ciki, kwalin kuma cikin leda. Da damina ka kula da laima da gara, domin gara na son kwali. Da hunturu kada ka bar faifai a buɗe ko na minti biyar, busasshiyar iska na sa roba ta riƙa jawo ƙura.

Da me ake wanke su?

Ruwan da aka tace irin na batir wanda ba a sa masa asid ba, ɗigon sabulun ruwa marar turare, da buroshi mai laushi. Ka bi da'irar layukan, kada ka ratsa su, ka kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, ka ɗauraye, ka jingine ya sha iska a inuwa. Abu ɗaya da ba a yafewa: kada sifirit ya taɓa 78, narkar da shellac yake yi. Faifan yanka kuwa, in ka ga fentinsa ya fara tsagewa ko ɓarewa, kada ka sa masa ruwa, kada ka saka shi. Ka nemi masani ya kwashe sautin tukuna.

Wace na'ura zan saya? Garmahon kakana zai yi?

Garmahon da ake murzawa da hannu abin sha'awa ne, amma hannunsa nauyi gare shi kuma allurarsa ƙarfe ce. Kada ka ɗora masa faifan roba sam, kada kuma ka ɗora masa 78 mai daraja. Ka nemi na'urar zamani mai gudu uku wadda ake iya daidaita nauyin hannunta. Allurar 78 daban take, bakinta ya fi na 45 da 33 kauri kusan sau huɗu. In ka sa siririyar za ta nutse ƙasan layin ta kwaso maka hayaniya.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye: wutar Amurka 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 230 mai bugu 50. Taransifoma na gyara ƙarfin wutar amma ba ya gyara bugun. Tsohuwar na'urar da injinta ke bin bugun wuta za ta yi tafiyar hawainiya a nan, ta rage kashi ɗaya cikin shida, muryar mawaƙi ta yi kauri. Ka sayi wadda aka yi wa Turai, ko mai daidaita gudunta da kanta. Wannan ta biyun ta fi, ganin yadda janareta ke hawa da sauka.

Ban da faifai, me ake tarawa?

Fostoci ne kan gaba. Maɗaba'ar Globe ta Baltimore ta yi suna da fostocin kwali masu launin da ke ɗaukar ido daga nesa, waɗanda ake kafawa a jikin turakun waya don shelar wasan B.B. King ko Bobby Bland. Hatch Show Print ta Nashville kuma tun 1879 take aiki. Da yake a waje ake kafa su a yar bayan wasa, ramin ƙusa da tabon ruwan sama ba aibi ba ne, shaida ce. An sake buga da yawa daga baya, don haka ka duba kaurin kwalin, ka kuma gwada ranar da ke jiki da kalandar shekarar, ka ga ko Asabar ɗin Asabar ce.

Akwai tallan Paramount da aka yanko daga jaridar Chicago Defender, hotunan talla, takardun yarjejeniya, har buhun garin masara mai hoton Sonny Boy Williamson, daga shirin rediyon King Biscuit Time da aka fara a Helena ta Arkansas a 1941. A can sama kuma akwai irin jitar B.B. King, Lucille, wadda aka sayar da ɗaya daga cikinsu dala 280,000 a 2019.

Kayan da aka ce mawaƙi ya sa wa hannu su suka fi haɗari. Takardar shaida ba ta fi wanda ya rubuta ta gaskiya ba. Ka tambayi silsilar kayan: daga hannun wa, zuwa hannun wa. Hotunan Robert Johnson da aka yarda da su uku ne, amma kowace 'yar shekara sai wani ya fito da sabo.

Mawaƙin ko iyalinsa na samun wani abu daga wannan ciniki?

Ko sisi. Cinikin tsohon faifai tsakanin mai saye da mai sayarwa yake ƙarewa. Wannan na damuna, musamman da yake an sha cutar mawaƙan tun suna raye. Arthur Crudup, wanda Elvis Presley ya rera waƙoƙinsa, ya rasu a 1974 yana bin haƙƙinsa. Ana tuna Lillian McMurry da alheri domin ita tana biya.

Ka dubi abin da faifai yake a wurin mai muryar. A 1941 masu binciken kiɗa Alan Lomax da John Work suka ɗauki muryar Muddy Waters a gonar Stovall ta Mississippi. Daga baya aka aiko masa da kwafi biyu da cekin dala 20. Ya kai ɗaya akwatin kiɗa yana ta maimaitawa, yana jin kansa. A 1943 ya kama hanyar Chicago. Duk faifan da ke kantata akwai wanda ya taɓa buɗe kwalinsa da irin wannan zumuɗi. Abin da mai tarawa zai iya yi: ya sayi sabon bugu mai izini in akwai, ya ba masu bincike sauti da hoton takardar ba tare da rowa ba, ya tallafa wa irin gidauniyar Music Maker da aka kafa a 1994 don tsofaffin makaɗa, ko Mt. Zion Memorial Fund da ta kafa alamu a kaburburan mawaƙa, ciki har da na Charley Patton. Wanda ya kulle kwafi ɗaya tilo a akwati ya hana kowa ji, a wurina ya ci amana.

Wai gaskiya ne blues daga wajenmu ya samo asali?

Masana irin su Paul Oliver da Gerhard Kubik sun kawo hujjar cewa jijiyarsa ta fi kusa da kiɗan yankin Sahel da sabana fiye da na gangunan bakin teku: mawaƙi guda da abin kiɗa mai tsirkiya, da jan murya tana lanƙwasa. Kubik ya ambaci goge a cikin misalansa. Wanda ya tashi da jin kuntigin Ɗan Maraya Jos ko gurmi, ranar da ya fara jin Skip James zai ji wani abu ya motsa masa, kamar yadda Ali Farka Touré na Mali ya ji da ya saurari John Lee Hooker. Amma blues a Amurka aka haife shi, cikin gonakin auduga da wariyar launin fata, kuma na mutanen da suka sha wannan wuya ne. Kama ta jini ce, ba mallaka ba.

Na samu tarin faya-fayai a ɗakin mahaifina. Me zan yi da su?

Kada ka zubar, kada ka sayar wa na farkon da ya taya, kada kuma ka saka su kafin a wanke. Da wuya ka samu bugun ƙashin kai na Mississippi a cikinsu. Abin da aka fi shigowa da shi nan shi ne irin su James Brown da Jim Reeves da waƙoƙin Indiya. Amma ka duba da kyau, domin an buga faya-fayai a Legas, kuma an ɗauki makaɗanmu irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya. Abin da ya cinye na Paramount, wato zafi da ƙaura da rashin ajiye na asali, shi ke cin namu tun da kaset ya shigo aka tura su ƙarƙashin gado.

Ka fito da su daga buhu, ka ware masu tsaga gefe guda, ka ɗauki hoton takardar kowanne gaba da baya, ka rubuta lambobin da ke filin nan mai santsi a littafi. In akwai dattijon da ya san inda aka sayo su da shekarar, ka zauna da shi yau ka rubuta abin da ya faɗa, ka sa takardar cikin rigar faifan.